Akushin Ɗan Alƙali

An yi wani sarki a Birnin Jangare, sunansa Nafi'u ɗan Barmo, mutum mai son a yabe shi da tausayi, mai kuma tsoron a ce ƙasarsa ba ta da tsaro. Saboda wannan tsoro, a shekara ta uku da hawansa gado ya ƙudura gina ganuwa a kan iyakar arewa, tafiyar kwana ashirin daga birni, ya nemi kowane gida ya ba da namiji ɗaya mai ƙarfi. Wanda ya rubuta hukuncin da ya halatta haka shi ne babban alƙalinsa, Malam Ɗalhatu, mai ilmi da tsantseni, wanda ya kafa hujja da cewa maslahar jama'a tana gaba da maslahar gida guda, kuma aikin ba zai wuce shekara biyu ba. Don kada a ce ya ɗora wa mutane abin da ya sauke wa kansa, ɗansa na fari, Mudassiru, shi ya fara fita ta ƙofar arewa da gora da tabarma. Aka shekara bakwai ganuwa ba ta ƙare ba, ba a kuwa sallami kowa ba.

Matar alƙali, Hansatu, ba ta taɓa tambayarsa labarin yaron ba, domin a ƙasar uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna kewarsa a gaban kowa. Abu ɗaya take yi. Kullum in ta raba tuwo da yamma sai ta zuba na Mudassiru a akushinsa, wani tsohon akushi mai tsaga a baki, ta rufe da faifai ta ajiye. Da safe ta ɗumama shi, ta kawo gaban mijinta, ta koma bakin aikinta. Shi kuwa ya ci, don bai san da wane baki zai ƙi ba.

A shekara ta bakwai ɗin nan ƙara ta yi yawa a fada. Katangun gidaje suna zubewa babu mai yaɓe, gonaki sun koma saura, mata suna zuwa neman a raba aurensu da mazan da suka daina gani, 'yan'uwa suna faɗa a kan rumbun da babu komai a ciki. Sarki ya tara majalisa ya nemi shawara, Waziri Gwadabe ya miƙe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutane sun manta darajar gida, abin da aka manta kuwa tunatarwa yake bukata. A keɓe rana guda a shekara, a kira ta Ranar Iyali, a yi shela, a rufe kasuwa, kowa ya zauna da nasa."

Liman ya gyara zama ya ce, "Idi biyu muka gada, Waziri. In za ka ƙara na uku, sai ka nemo masa limami, ni dai ba ni da huɗubarsa."

Waziri ya ce, "Allah gafarta Malam, rana na ce, ban ce idi ba. Talata ma rana ce, ban taɓa jin ka hana ta zuwa ba."

Aka yi dariya, daga nan muhawara ta ɓarke. Sarkin Noma ya ce kada a kuskura a sa ta cikin damina. Sarkin Kasuwa ya ce kowace rana a ɗauka ban da ranar da kasuwa ke ci, sai aka duba aka ga babu ranar da wata kasuwa ba ta ci a ƙasar. Aka kwana uku ana gardama a kan ko gwauro yana da iyali, aka ƙara biyu a kan ko bazawara a gidan ubanta za ta yi ranar ko a gidan da ta bar 'ya'yanta. Aka kwana arba'in a haka, kowa yana kawo hujja ana kawo masa wadda ta fi ta tsawo.

Duk kwanakin nan alƙali bai ce uffan ba. Ba don bai san amsa ba, a'a, a gabansa matan nan suke durƙusawa, ya kuma san cewa in aka bi kowace ƙara zuwa tushenta, rubutun hannunsa za a tarar. Faɗar haka a majalisa ƙaryata kansa ne da zargin sarki a numfashi ɗaya. Yana kuma tsoron in sarki ya fusata, hanyar dawowar Mudassiru ta ƙara toshewa.

Ranar cikon arba'in sarki ya gaji, ya dubi alƙali ya ce, "Malam, kowa ya yi magana har da wanda ba shi da abin faɗa, kai kuwa da muke jira ka yi shiru. Na ba ka kwana uku. Ka zo mini da yadda za a kiyaye wannan rana, hanyar da mai wadata da matalauci za su iya daidai, wadda Liman ba zai kira idi ba, wadda kuma za ta nuna mini da idona halin da gidajen talakawana suke ciki. In ka kawo, ka roƙi abin da kake so. In ka kasa, ka ajiye rawanin alƙalanci, domin ban ga amfanin alƙalin da ba ya buɗe baki ba."

Kwana biyu alƙali yana bincika littattafai bai sami komai ba. Da safiyar rana ta uku Hansatu ta ajiye masa ɗumame kamar kullum. Ya daɗe yana kallon tsagar da ke bakin akushin, sa'an nan ya ce, "Hansatu, yau wa'adin da sarki ya ba ni yake cika."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam. Ci, zai huce."

"Shekara bakwai kina ba ni wannan tuwo, ba ki taɓa gaya mini dalili ba."

"Mai shi bai zo ba. Ba a zubar da abinci."

"Ke kaɗai ke yin haka?"

Ta juya tana kakkaɓe faifai, ta ce, "Ka tambayi matan unguwa. Wasu sun daina, hatsin ba ya isa."

Alƙali ya wanke hannu bai ci ba, ya naɗa rawani ya tafi fada. Da aka ba shi izini ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a yanka doka sai an gwada ta. Kowane ɗan gida yana da kwanon da ake zuba masa, uwa kuwa ba ta manta adadin kwanonin gidanta. A yi shela, ranar Alhamis da hantsi kowane gida ya shimfiɗa tabarma a ƙofa, a jera kwanon kowa da kowa. Wanda ya kwana a gida, a ajiye nasa a buɗe. Wanda umarnin fada ya fitar, a kife nasa. Babu yanka, babu kiɗa, babu salla ta musamman. Sai sarki ya zaga da ƙafa ya gani."

Liman ya ce wannan ba idi ba ne, ba shi da ja. Waziri kuwa ya gane inda aka dosa, ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ce ta murna muke nema. Me ya kawo kife kwano cikin murna?"

Alƙali ya ce, "In gidaje a cike suke, Waziri, babu abin da za a kife."

Sarki ya ce a yi.

Ranar Alhamis da hantsi sarki ya fita da ƙafa, majalisa tana bayansa, alƙali a damansa. A unguwar farko ya ga kowace tabarma da kwano ɗaya a kife, ya ce wannan ya sani, shi ya yi umarni. Da suka shiga unguwar marina sai ya fara ganin biyu, ya fara ganin uku, domin duk sanda aka ce hannu ya yi kaɗan a ganuwa, dogarai suna dawowa gidan da suka riga suka ɗauka. Babu wanda ya yi kuka, babu wanda ya kawo ƙara. Mata suna daga cikin zaure, tsofaffi suna zaune bakin tabarma, suna gaisuwa yadda aka saba, suna sunkuyar da kai. A wata ƙofa suka tarar da ƙore shida, biyar a kife, ta shida a hannun wata tsohuwa da ke riƙe da ita kamar za a ƙwace. Sarki ya daina tambaya. Waziri ya daina bayani.

Alƙali yana tafe kamar mai karanta hukuncinsa a kan kowace tabarma, kalma bayan kalma, har suka iso ƙofar gidansa. A nan kwanoni biyu ne a buɗe, nasa da na matarsa, ga kuma akushi mai tsaga, ba a kife ba, cike da tuwo, an rufe da faifai.

Sarki ya ce, "Malam, ba ɗanka ne ya fara fita ba? Ya aka yi gidan mai doka ya saɓa doka?"

Kafin alƙali ya amsa, muryar Hansatu ta fito daga bayan ƙyauren zaure. "Allah ya ba ka nasara, laifina ne, ba na Malam ba. An ce in kife, hannuna ya ƙi. Yaron nan shekara biyu aka ce zai yi. Ina jira ne."

Nan alƙali ya cire rawaninsa da hannunsa, ya ajiye a kan tabarma kusa da akushin, ya ce, "Ranka ya daɗe, majalisa ta kwana arba'in tana neman ranar da za a girmama iyali, alhali iyalin yana tafiyar kwana ashirin daga nan yana ɗaukar ƙasa. Ni na rubuta cewa maslahar jama'a tana gaba da ta gida guda, na manta cewa jama'a gidajen nan ne, babu wata jama'a a bayansu. Na sa wa'adi, wa'adi ya wuce, na yi shiru shekara biyar don tsoro. Hukuncin kuskure ne, shirun kuwa zalunci ne. Ga rawani."

Sarki ya dubi akushin, ya dubi alƙali. Daga bisani ya sunkuya ya ɗauki rawanin, ya miƙa masa ya ce, "Ka cika sharaɗi, ka nuna mini abin da na ce a nuna mini, ko da yake ban so ganinsa ba. Mai da rawaninka, ga alkyabbata a kai. Roƙi abin da kake so."

Alƙali ya ce, "A soke abin da na rubuta. A dawo da su."

A ranar aka tura manzanni, majalisa kuma ta zartar, ba tare da gardama ba, cewa ranar da mutanen suka shigo birni ita ce Ranar Iyali, a sake jera kwanoni a ƙofofi kamar yadda aka yi. Bayan kwana arba'in da ɗoriya suka iso ta ƙofar arewa, a jere, a rame, wasu da furfurar da ba su tafi da ita ba. Alƙali ya tsaya a bakin ƙofa tun hantsi yana duba fuska bayan fuska, har la'asar, har na ƙarshe ya wuce. Sai wani marini da suka yi aiki tare da Mudassiru ya komo, ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, sai haƙuri. Damina biyu ke nan da ɓangaren ganuwa ya zubo musu, su goma sha ɗaya. Ni na yi masa wanka. Mun roƙi a aiko, shugaban aiki ya ce labari irin wannan yana karya zuciyar birni."

Alƙali ya yi salati, ya yi wa mutumin godiya, ya kama hanyar gida cikin alkyabbar sarki. Ko'ina guɗa ake yi, ana buɗe kwanonin da aka kife, ko da yake a ƙofofi da yawa tabarma tana nan yadda take. Yana tafe yana lissafin safiya nawa ya ci tuwon mamaci, bai iya kai lissafin ƙarshe ba.

Ya tarar da Hansatu a tsakar gida, ta riga ta zuba a akushi, ta ƙara man shanu a kai saboda ranar. Ta dubi fuskarsa, ta dubi bayansa, ba ta tambaya ba. Ta ɗauki akushin, ta juye tuwon a ƙwarya ta miƙa ta katanga a kai wa maƙwabta da nasu ya dawo. Ta wanke shi ciki da baya, ta goge da bakin zanenta, ta fita da shi ƙofar gida, ta kife a kan tabarma. Sa'an nan ta zauna kusa da akushin, ta dafa bayansa, ta ce a hankali, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa suna, "Mudassiru."

An ce alƙali ya ƙara shekara tara a kan shari'a, bai sake rubuta hukuncin da ba shi da ranar ƙarewa ba, bai kuma sake cin ɗumame ba. Masu mulki su sani, adalci yana da lokaci kamar yadda salla take da lokaci. Wanda ya jinkirta shi zai iya ramawa, amma abin da ya salwanta a cikin jinkirin, babu sarkin da ke da ikon mayar da shi.