Duna da Sandar Maigidansa

Akwai wani mutum, manomi, da yake zaune a bakin wani ƙauye. Yana da gonar dawa, da 'yan awaki, da kare guda baƙi wuluk da ake kira Duna. Tun karen yana ɗan kwikwiyo ya tsince shi a bakin rafi yana rawar sanyi, ya sako shi cikin hularsa ya kawo gida, ya yi ta ba shi kunu a sakaina har ya girma. Wata rana da damina mutumin ya sunkuya zai jawo fartanya daga ƙarƙashin rumbu, sai Duna ya yi tsalle ya bangaje shi gefe. Ashe kububuwa ce naɗe a wurin. Tun daga ranar ba wanda ya isa ya zagi karen nan a gabansa.

Amma fa Duna yana da wani hali. Da ya hango tumaki suna kiwo, shi ke nan, sai hankalinsa ya gushe, ya bi su a guje. Ba cinsu yake yi ba, korar ce kawai take masa daɗi. Maigidan ya tsaya ya yi ta kwala kira, "Duna! Duna!" har muryarsa ta dishe, karen ko waiwaye. Sai can ya gaji don kansa, sa'an nan ya dawo yana raɓe-raɓe, wutsiya tsakanin ƙafafu. Mutumin kuwa yana nan yana jira da sandarsa ta gora. Da karen ya iso, sai ya damƙi wuyansa ya zane shi, yana cewa, "Gobe ma ka ƙara!" Gobe kuwa sai ya ƙara.

Ana nan, sai Duna ya kori tumakin wata tsohuwa gwauruwa, Gwaggo Damaris, wadda ba ta da komai a duniya sai tumakin nan. Tunkiya guda mai ciki ta faɗa rami, ta yi ɓari. Tsohuwar ta ɗora hannu a ka, ta tafi wurin mai unguwa tana kuka.

Mai unguwa ya sa aka kira mutumin, ya ce masa, "Kowa ya san karen nan ya taɓa cetonka, shi ya sa na yi haƙuri. Amma ka ji da kyau. Ran da ya sāke bin tumaki, ka kira shi a gaban jama'a bai zo ba, ran nan zan miƙa shi ga masu sayen karnuka." Mutanen nan kuwa sukan zo ranar kasuwa da keji ɗaure a bayan babur, kuma karen da ya shiga kejin nan tukunya ce makomarsa.

Mutumin ya koma gida, ko tuwo ya kasa ci. Sai matarsa Keziya ta ce, "Maigida, ka kai shi wurin Baba Zakka mana. An ce har karen mai gadin kasuwa, wanda yake cizon kowa, ya koya masa ladabi."

Baba Zakka tsohon mafarauci ne. Da gwiwa ta hana shi shiga daji, sai ya buɗe ajin horar da karnuka, kowace Asabar da hantsi, a gindin wata tsamiya bayan kasuwa. Dokarsa guda ce tak: duk mai shigowa ya jingine sandarsa ko bulalarsa a jikin tsamiyar tukuna. Mutumin ya ɗauka ladabi ne irin na shiga gaban manya, kamar tuɓe takalmi. Ya jingine sandarsa, ya gaishe da tsohon, ya miƙa masa igiyar kare, ya juya.

Baba Zakka ya ce, "Ina kuma za ka?"

"Gona, Baba. Ga ɗalibinka nan na kawo."

"Ɗalibina ne dai yake shirin gudu gona. Dawo ka zauna."

Mutumin ya zauna, amma bai gane ba. Shi da ya kawo kare makaranta, yaya aka yi shi ne a kan benci, kare kuwa yana kwance a inuwa yana hamma? Ya duba hagu, ga wata mata da karenta mai haushin baƙi. Ya duba dama, ga wani mai gadi da nasa. Dukansu mutanen ake yi wa magana, karnukan suna kallo. A ransa ya ce, "Lalle tsufa ya fara taɓa tsohon nan."

Koyarwar ba wuya. Akan ɗaura wa kare doguwar igiya, a sake shi ya yi yawo. Maigidansa ya tsuguna, ya kira sunansa sau ɗaya. In ya zo, a ba shi ɗan ƙuli-ƙuli, a shafa ƙirjinsa. Akwai kuma wani tsohon rago da Baba Zakka yake ɗaurewa a gefe da gangan. Duk karen da ya zabura zai bi shi, a take a fizgi igiya, a ce "A'a!" da ƙarfi. Tsohon yakan ce, "Tsawa lokacin da yake yi. Ƙuli-ƙuli lokacin da ya zo." Mutumin ya gyaɗa kai kamar ya ji, alhali hankalinsa yana wurin ciyawar da take cin dawarsa.

Abin mamaki, ba a daɗe ba Duna ya zama zakaran aji. Maigidansa ya tsuguna ya ce, "Duna," sai ka ga karen ya sheƙo a guje, kunnuwa suna kaɗawa, har ya kusa ture shi. Mutumin ya yi ta murna, ya ɗauki sandarsa daga jikin tsamiya, suka kama hanyar gida.

A gida kuwa? Wayyo! Sai ka ce ba a taɓa zuwa makaranta ba. Ya tsaya a ƙofar gida, sanda a hannu kamar kullum, ya kira. Duna ya tsaya nesa, ya sunkuyar da kai, ya yi taku biyu gaba, ya yi uku baya. Mutumin ya hasala, ya lallaɓa ya kama shi, ya ba shi kashi. Asabar ta zagayo, ga Duna a gindin tsamiya yana zuwa da kira ɗaya.

Nan fa kan mutumin ya ɗaure. Ya ce wa matarsa, "Keziya, karen nan ya san ranaku ne? Ran Asabar Kirista, sauran kwanaki arne?"

Ta ce, "Ni dai ban sani ba." Ta juya tana kankare tukunya, ta ce, "Duna, zo." Sai ga karen ya zo ya kwanta a ƙafarta, ranar kuwa Talata ce.

Mutumin ya riƙe baki. Ya ce ko murya ce, ya shiga kwaikwayon muryar Baba Zakka, har da ɗan tarin da tsohon yake yi kafin ya yi magana. A banza. Ya ce ko hular tsohon ce, ya je kasuwa ya samo malafa irin tasa, ya kifa a ka, ya tsaya tsakar gida yana kira, maƙwabta suna leƙe ta kan danga suna ƙunshe dariya. A banza. Ya ce to, ƙuli-ƙulin tsohon ne yake da magani a ciki, ya ɓoye guda a aljihu ya kawo gida. Ya miƙa da hannun hagu, sanda tana dama. Duna ya dubi ƙuli-ƙuli, ya haɗiye miyau, bai matso ba.

Ya ce, "Keziya, anya ba wani ne ya yi mini asiri tsakanina da karen nan ba?"

Ta ce, "Haba, Maigida! Kai da kake jan waƙa a sujada kowace Lahadi?"

Kunya ta kama shi. Ran Asabar, bayan an tashi, ya tsaya ya kwashe duka ya faɗa wa Baba Zakka. Tsohon ya saurara, sa'an nan ya ce, "In ya yi laifi, yaushe kake dukansa?"

"In ya dawo mana, Baba."

"Ba lokacin da yake korar tumakin ba?"

Mutumin ya yi dariya. "Yaya zan doke shi yana gudu? Ai sai ya zo hannu."

Tsohon ya ce, "To." Ya dubi tsamiya, ya dubi mutumin. "Kai kana cewa dukan kora ne. Shi kuwa, a ganinsa, dukan me ne?"

Mutumin ya tsaya yana jiran sauran bayani, amma tsohon ya riga ya juya yana kwance ragonsa. Ya ɗauki sandarsa ya tafi yana gunaguni. "Na zo da tambaya, an ƙara mini wata. Ni na taɓa shiga kan kare, da zan san abin da yake gani?"

Da kaka ta yi, aka gama yankan dawa, aka saki dabbobi cikin gonaki. Ranar kasuwa ce, mutane suna ta wucewa a hanya. Mutumin yana ɗaurin dami, igiyar Duna ta kwance bai lura ba. Sai ihun Gwaggo Damaris ya ji: "Jama'a, ku taimaka! Karen nan ne kuma!"

Ya zari sandarsa ya ruga. Ga tumaki sun watse cikin kara, ga Duna a bayansu. Kafin ka ce me, mutane sun taru, mai unguwa a cikinsu. Can bakin hanya kuma mai babur ɗin nan ya tsaya, da kejinsa, yana kallo.

Mai unguwa ya ce, "Ga ka, ga shi. Kira shi."

Ya ɗaga murya, "Duna!"

Karen ya ja birki, ya juyo. Ya taho kaɗan, sai ya tsaya cik. Mutumin ya sāke kira. Duna ya yi ɗan kuka, ya ja baya. Mai babur ya sauko, ya fara kwance ƙofar keji.

Mutumin ya rasa malafa, ya rasa ƙuli-ƙuli, ya rasa dabara. Sai ya zuba wa karen ido, yana roƙonsa a zuci. A nan ne ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba: Duna ba fuskarsa yake kallo ba. Hannunsa na dama yake kallo.

Ya dubi hannun nasa. Ya tuna da tsamiya, da abin da kowa yake jinginewa a jikinta kafin ya shiga. Sai ya yi jifa da sandar can cikin kara, ya tsuguna a ƙasa, ya buɗe hannuwansa biyu, ya ce a hankali, "Duna. Zo."

Karen ya kwanta da ciki, ya riƙa jan jiki cikin ƙura, kaɗan-kaɗan, har ya iso. Ya sa kansa a ƙarƙashin hannun maigidansa, ya runtse ido, jikinsa yana ɓari. Duka yake jira. Ya san abin da zuwa yake jawo masa, duk da haka ya zo.

Hawaye suka zubo wa mutumin. Ya shafa ƙirjin karen, ya yi ta shafawa.

Gwaggo Damaris ta ce, "A'a! Ba za ka doke shi ba?"

Ya ce, "Gwaggo, tumakinki ni zan tattaro miki su, wadda ta ji ciwo ni zan yi jinyarta. Laifin barinsa sake nawa ne. Amma wannan, kiransa na yi, ya kuwa zo."

Mai unguwa ya ɗaga wa mai babur hannu ya ce ya tafi.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Manomin nan mu ne, iyaye da dattawan ikilisiya. Duna kuwa shi ne duk wanda ya kauce, ko ɗanka ne, ko ƙanwarka, ko ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada. Muna ƙaunarsu, ba ƙarya. Muna kiransu, muna yi musu addu'a har da azumi. Amma ran da suka yi ƙarfin hali suka dawo, me suke tararwa a bakin ƙofa? "Sai yanzu ka ga dama?" "Duniya ta koya maka hankali ke nan?" Mu tara masa mutane, mu tone abin da ya yi tun bara, mu nuna masa benci na baya, inda ake zaunar da masu laifi. Mu a ganinmu zunubin muke hukuntawa. Shi kuwa abin da ya koya shi ne, dawowa tana da zafi. Sa'an nan mu zauna muna mamaki, muna cewa an yi masa asiri, muna sāke waƙoƙi, muna gayyato baƙon mai wa'azi, sanda kuwa tana nan a hannunmu.

Kada wani ya fita ya ce na ce a bar tsawatarwa. Ban ce ba. Tsawa tana da lokacinta, lokacin da mutum yake cikin ɓarnar, kuma ɓarnar da aka yi dole a gyara, kamar yadda aka tattaro wa gwauruwa tumakinta. Amma lokacin dawowa ba na duka ba ne. Ubanmu na sama, sau nawa muka jawo jiki muka zo gabansa, ido a runtse, muna jiran abin da ya cancance mu? Da a ce da sanda ya tarye mu, wa zai kasance a ɗakin nan yau?

Kowannenmu ya san wanda yake kira ya ƙi zuwa. Wataƙila ya ji kiran sarai, yana tsaye daga nesa yana kallon hannunka. Kafin ka sāke kiransa a makon nan, ka duba abin da kake riƙe da shi.