Tumbin Alhaji Mati da Aminansa Uku

To, ku gyara zama. Kai Ɗanliti, ajiye wayar nan, ba guduwa za ta yi ba. Yau ba tatsuniyar yara na zo muku da ita ba, shari'a ce, kuma ku ne alƙalan. Wanda bai saurara da kyau ba kada ya sa mana baki in an zo yanke hukunci.

A wani gari can ƙasar Haɗeja an yi wani dillalin riɗi, ana ce masa Alhaji Mati. Mutum ne mai faran-faran, ga kyauta, ga son jama'a. Allah ya buɗa masa, kasuwa ta karɓe shi, sai zama ya yi masa yawa: daga tabarmar rumfa sai mota, daga mota sai gindin kwano. Jiki ya yi ta hauhawa. Mutane suna cewa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka," shi kuwa yana shafa tumbi yana dariya. Ana nan ana nan, gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Ya wayi gari ba ya iya durƙusawa. A masallaci sai an ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu, yana sallah a zaune yana nuni da kai. Malamai sun gaya masa ya halatta, shi ma ya sani. Amma abin yana cin ransa ƙwarai. Mutumin da ya tashi a sahun gaba, yau jama'a su tafi sujada su bar shi a sama shi kaɗai! Ba abin da yake roƙon Allah kamar goshinsa ya sake taɓa ƙasa.

Ya je asibiti. Likita ya dudduba shi ya ce, "Alhaji, gwiwoyin nan ba mutuwa suka yi ba, kaya ne ya yi musu yawa. Ka sauke musu, mu ga abin da Allah zai yi."

Alhaji Mati ya ɗaura ɗamara. Matarsa Hajiya Ladidi ta rage masa malmalar tuwo, ta janye hannu daga man gyaɗa. Ya ajiye mota, kullum da safe ya taka zuwa kasuwa, ya tako ya dawo. In ya isa rumfa sai ya hau sikelin da ake auna buhunan riɗi ya leƙa allura. Da farko abin gwanin daɗi, allura tana ja da baya, Alhaji har da raba goro. Sai rana ɗaya ta kafe. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu, allura ko gezau. Ga yunwa yana sha, ga tafiya yana yi, ga kujera tana nan tana jiransa.

Ya koma wurin likita da ƙorafi. Likita ya ce haka jiki yake, in ya saba da abu sai ya daina jin sa, kuma in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ya ce ya sake duba abin da ke shiga bakinsa, ya kuma nemi motsa jikin da zai ƙarfafa cinya ba tare da ya wahalar da gwiwa ba. Alhaji ya ce, "Likita, ni me nake ci? Tuwona fa yanzu bai fi ƙwan agwagwa ba!" Ya dawo gida jiki a sanyaye.

To, Alhaji yana da aminai uku, tare suka yi makarantar allo, tare suka sha bulalar malam. Akwai Haladu maƙwabcinsa, akwai Ilu mai lambu a fadama, akwai Mudi tela. Ku riƙe sunayen nan.

Haladu ne ya fara gano inda gizo ke saƙar. A layinsu ana ciyayya: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma a ci tare. Alhaji babba ne a layin, kowane gida yana so a ce ya sa hannu a tuwonsu. In kwano ya koma ciki, tambayar farko da uwargida za ta yi ita ce, "Alhaji ya ci?" Saboda haka sai ya ɗan taɓa na wannan, ya ɗan taɓa na wancan, kada wani ya ji haushi. Shi a wurinsa wannan ba ci ba ne, zumunci ne. In an gama kuma a kawo shayi mai kauri, sukari har yana kwanciya a gindin kofi, ya ce ai wannan ruwa ne. Wata rana Haladu ya zo da akushi babu komai a ciki ya zauna kusa da shi. Duk lomar da Alhaji ya yanka, shi ma sai ya yanki irinta ya jefa a akushin. Da aka gama ya tura masa gabansa ya ce, "Alhaji, ga ɗanɗanonka na yau." Akushi ya yi tozo. Alhaji ya riƙe baki ya ce, "Innalillahi! Haladu, duk ni na ci wannan?"

Gano ciwo daban, magani daban. Alhaji ba zai janye daga ciyayya ba, sai a ce kuɗi sun sa ya raina tuwon talakawa. Sai Haladu ya kawo dabarar juyi: kowace rana Alhaji ya ci daga kwano ɗaya tak, yau na wannan gida, gobe na wancan, kowa ya samu ranarsa. Ya tura matarsa gida-gida ta yi wa mata bayani. Duk da haka wani gida suka yi fushi, suka janye kwanonsu na wani lokaci, aka riƙa cewa Haladu ne mai shiga tsakani. Ya haɗiye bai rama ba. Kuma don kada Alhaji ya sha shayi salam shi kaɗai yana kallon mutane, Haladu, wanda duk layin an san shi da son zaƙi, ya bar sukari shi ma.

Sai Ilu. Shi ya dubi tafiyar kasuwar nan ya ce, "Mati, wannan hanya taka ko jaki ya saba da ita ido rufe yake bin ta. Gobe ka biyo ni fadama." Ya ba shi kekensa, don keke ba ya dukan gwiwa kamar taku. Ku dubi abin nan da idon zuci: Alhaji mai mota, da babbar riga a naɗe a kafaɗa, a kan tsohon keke yana tangaɗi, mutane a bakin hanya suna ƙunshe dariya. Ilu ya bi shi a ƙasa yana riƙe da sirdin, ya ce in dariya ce a yi musu su biyu. A lambu akwai injin ban ruwa, amma Ilu ya ware wasu fangali ya ce waɗannan ba ruwan inji da su, da guga Alhaji zai shayar da su. Ya ja ruwa, ya ɗauka, ya zuba, ya kama fartanya. In ya huta kuma, Ilu ya kafa masa turmi ya ce ya zauna a hankali ya tashi a hankali, ya sake, ya sake. Da cinya ta fara ƙarfi ya ɗauke turmin ya kawo kututture wanda bai kai shi tsawo ba, daga baya ya kawo wanda ya fi wancan gajarta.

Kada ku ɗauka Ilu ɗan ƙodago ya samu a banza. Aikin da inji zai gama kafin hantsi, Alhaji sai ya kai rana tsaka yana haki. Latas ɗin fangalin nan rabi ya yi yaushi, irin albasa kuwa Alhaji ya tattake shi ya fi a ƙirga. Ilu bai taɓa ɗaure fuska ba. Kullum in za su tashi sai ya cika masa kwando da zogale da kabeji da karas ya ce a kai wa Hajiya, a cika wa Alhaji ciki da ganye kafin tuwo ya samu wuri.

Allura ta ɗan motsa, Alhaji ya yi murna. Sai ta sake tsayawa cik. Nan fa ransa ya ɓaci iyakar ɓaci. Ya ce ya bar zaƙi, ya zama abin dariya a kan keke, hannunsa ya yi kanta, duk a kan wannan? Haladu ya ba shi baki, bai ji ba. Ilu ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya ce shi ya gaji da sannun. Ya aika gida a kama babban zakara a yanka, a yi masa funkaso, miya ta ji mai. Ya ce sallah a kujera ma ai sallah ce. Daga nan ya wuce shagon Mudi tela, ya zube a benci ya ce, "Mudi, ɗinka mini kaya manya, masu yalwa. Na haƙura, haka Allah ya yi ni."

Mudi mutum ne mara yawan magana. Ya tsayar da keken ɗinki, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani ƙunshi. Wando ne da jamfa da ya taɓa ɗinka wa Alhaji na wata sallah, Alhaji ya dawo masa da su da faɗa, wai ya ɓata masa shadda, wando ya ƙi wuce cinya. Mudi bai sayar ba, bai farke ba, ya ajiye. Ya ce, "Shiga ciki ka sa wannan, daga jikinsa zan ɗauki awo." Alhaji ya ce wasa yake yi masa. Mudi ya ce, "Sa dai." Alhaji ya shiga bayan labule yana mita. Can sai mitar ta ɗauke. Ya fito riƙe da ƙugun wando a hannu, don in ya saki faɗuwa zai yi sai an ja mazagi, jamfa kuwa tana lilo a jikinsa.

Mudi ya ce, "Sikelinka riɗi ya sani. Bai san kitse ba, bai san tsoka ba, duk nauyi ne a wurinsa. Ni da nake auna ka tun muna samari na ga abin da ya tafi. Manyan kaya kuwa ba da allurata ba, ka kai wa wani." Ya sa shi ya yi alkawari ba zai ƙara hawa sikelin nan ba sai sabon wata ya kama. Alhaji ya zauna ya yi dariya har da hawaye. Ya ɗaga waya ya ce wa Hajiya in ba a yanka zakaran nan ba a sake shi. An riga an fito da wuƙa, zakara ya sha da ƙyar.

Washegari Alhaji ya koma kan keke. Ya ci gaba da cin kwano ɗaya, ya ci gaba da jan guga. Da wata ya kama ya hau sikeli, sai ga allura ta yi ƙasa sosai, amma a lokacin ma ya rage damuwa da ita. Wata la'asar ya shigo masallaci ya wuce kujerar nan ya shiga sahu. Haladu ya tsaya a damansa, Ilu a hagunsa, Mudi a bayansa, kowa yana shirin tare shi. Liman ya yi kabbara, aka yi ruku'u, aka ɗago, aka tafi ƙasa. Alhaji Mati ya bi su a hankali, gwiwa ta sauka, hannu ya sauka, goshi ya taɓa tabarma. Kuma ya tashi da kansa, ba wanda ya kama shi. Da aka sallame, inda ya sa fuskarsa a jiƙe yake. Ranar duk wanda ya ce masa barka sai ya riƙe hannunsa ya yi ta girgizawa.

Ba a daɗe ba matar babban ɗansa Nafi'u ta sauka, aka samu ɗa namiji, jikansa na fari. Nafi'u ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, kai za ka zaɓa masa suna." Alhaji ya ce ba shi da wani suna sai na wanda ya mayar masa da goshinsa ƙasa, shi zai yi wa takwara. Da ya faɗi haka sai ya tuna su uku ne, jariri kuwa ɗaya. Ya tambayi aminan, kowa ya ce a ba ɗan'uwansa, suka bar shi da kayansa.

Gari ya rabu. Wasu suka ce Haladu, don da bai toshe ɓarakar ciyayya ba, ko rijiyar lambu Alhaji ya ƙafar da guga tumbin nan yana nan, kuma shi ya sha baƙin jinin maƙwabta. Wasu suka ce Ilu, don rama kaɗai ba ta durƙusar da mutum ta tashe shi, sai da ƙarfin cinya, kuma shi ya yi asarar amfanin gonarsa. Wasu suka ce Mudi, don aikin waɗancan biyun ya riga ya zube a ranar zakara, shi ya tsince shi. Masu ja da su suka ce Mudi yini ɗaya ya yi, su kuwa watanni. Aka ce musu, to, yinin nan da babu shi fa?

Ga rago a ɗaure, wanzami ya wasa askarsa, liman ya miƙo kunne yana jira a raɗa masa. Ni dai na kai ku bakin ƙofa. Kai mai dariya a can baya, shafa naka tumbin tukuna sannan ka ba mu amsa. Da kai ne Alhaji Mati, wane suna za ka raɗa wa liman: Haladu, Ilu, ko Mudi?