Salsalar Malam Haladu

An yi wani sarki mai suna Dawuda a wani birni na bakin kogi, wanda tsufa ya rage masa ƙarfi, ƙararrakin jama'a kuma suka rage masa haƙuri. A shekarar da fari ya koro mutanen gabas suka sauka a bayan ganuwa, wani tsohon malami, Malam Ilyasu, ya buɗe musu zaurensa suna ɗaukar fiƙihu da hisabi, har yana barin su su ja da shi a kan mas'ala, abin da 'yan gari ba su saba gani ba.

Malaman birni suka ɗunguma zuwa fada, Malam Haladu a gaba, mai ƙaton rawani da saurin fushi. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ilmin garin nan gadonmu ne. Jama'a na gunaguni, baƙi sun cika zaure, 'ya'yanmu na tsaye a rana. A rufe zauren Ilyasu, shi kuma a fitar da shi daga gari."

Malam Ilyasu, wanda aka kirawo fada, na durƙushe a gefe. Shekara arba'in yana karantarwa a zauren, ba shi da wani wurin zuwa.

Sarki ya dubi Waziri Jibirilu ya ce, "Waziri, na gaji. Nemo mini hukuncin da ba zai tauye ɗan gari ba, ba zai kuma kunyata ni gobe kiyama ba."

Waziri ya yi ajiyar zuciya, domin sarakuna uku ya yi wa hidima, kuma kowanne sai da aka kawo masa wannan ƙara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu fara tantance gadon tukuna. Kowane malami ya haddace salsalarsa, wato sunayen waɗanda karatu ya biyo ta hannunsu har ya iso gare shi. Kowa ya tashi ya karanto tasa. Inda sunan baƙo ya fito, mai salsalar ya daina karantar da wannan ilmi, tunda ba gadonmu ba ne."

Malam Haladu ya riga kowa miƙewa, domin babu abin da yake alfahari da shi kamar salsalarsa. Ya ce, "Na karɓa daga mahaifina, shi daga Malam Barau, shi daga Malam Zakari, shi kuma daga Shehu Dunama..." Nan ya tsaya. Babu wanda bai san Shehu Dunama ba: wata tsohuwar yunwa ce ta koro shi daga gabas da jaki ɗaya, ya yi shekaru yana wanke fatu a majema kafin wani ya ba shi tabarma a zaure. Sauran malamai suka sunkuyar da kai, don duk salsalarsu ta kansa ta bi.

Sarki ya ce, "Ci gaba, Malam."

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na janye ƙarata."

Sarki ya bar wa Malam Ilyasu zaurensa, ya sa aka ƙara masa rumfa don kada ɗan kowa ya sake tsayawa a rana, ya kuma sa aka yafa wa Waziri alkyabba. Waziri ya yi godiya ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo: a rubuta hukuncin nan a ajiye. Wata rana jikokin waɗannan baƙi za su kawo ƙarar wasu baƙin, ni kuwa ba na nan."

Aka rubuta, Sarki ya sa hatiminsa, ya ƙara da hannunsa cewa adalci shi ne ka bar wa na bayanka ƙofar da aka bar wa kakanka a buɗe.