Ranar da Aka Buɗe wa Auta Murya

Akwai wata mata mai ɗinki, tana da ɗa ɗan shekara takwas da kowa ke kira Auta. Da annoba ta sa aka rufe makarantu, sai karatu ya koma cikin waya.

Kullum da safe takan ture yadudduka gefe, ta jingina wayarta da gwangwanin maɓallai, Auta ya zauna a gaba, ita kuma ta hau keke.

To, yaron yana da i'ina. A aji 'yan uwansa sun saba. Yanzu kuwa bayan kowace waya akwai iyaye sun kasa kunne. Don haka da malama ta kira shi ya yi karatu, sai uwar ta yi wuf ta kashe muryar, ta rubuta cewa sabis ne ya ɗauke.

Mijinta yakan yi dariya ya ce, "Sabis ɗin gidan nan akwai wayo. Sai an kira Auta yake gudu."

"Kai dai bari," in ji ta. "Ba za a yi wa ɗana dariya ina raye ba."

So ne tsagwaronsa, amma ya fara ɓarna. Auta ya rage magana ko a gida. In ruwa yake so, sai ya nuna da hannu.

Wata safiya malama ta ce, "Auta, karanta mana." Kafin uwar ta motsa, yaron ya miƙa ɗan yatsansa ya kashe muryar da kansa, ya sunkuyar da kai.

Uwar ta tsayar da keken. Ashe abin da ta koya masa ke nan.

Ta sauko daga keken, ta durƙusa kusa da shi, ta buɗe muryar. "Karanta, Autana. Ba inda za mu."

Ya fara, ya sarƙe, ya sake. Amma uwar ba ta taɓa wayar ba. Malama ta jira shi har aya.

Sai wata 'yar ajinsu ta ƙwala ihu: "Malama, Auta ya dawo!"

Ranar har ya hana babansa jin labarai da surutu, babu kuwa wanda ya ce masa ya yi shiru.

Darasi: Ba kowace kariya ce gata ba. Tsaya kusa da ɗanka, amma ka bar shi ya yi magana da bakinsa. Ku tura wa duk iyayen da ke fama, su ma su karanta.