Tasalla da Jan Waken Innarta

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

To, a bar tsokanar juna, a saurara. Wata mata ce wai ita Tasalla, a wani ƙauye can bayan dutse. Innarta ta rasu bayan girbi. Ba ta bar mata saniya ba, ba ta bar mata zinariya ba, sai tulu ɗaya cike da irin wake, an liƙe bakinsa da laka. Jan wake ne mai garɗi, duk ƙasar babu mai irinsa. In na tulun nan ya lalace, shi ke nan, ya ƙare a duniya. Tasalla ta ajiye shi a ƙuryar ɗaki tana jiran ruwan shuka.

Ita kuwa Tasalla akwai tsabta, ba irinku ba da sai an bi ku da soso. Sai bazara ta shigo, zafi ya taso, ƙwari suka farka da yunwa.

Sai Tururuwa ta zo bakin ƙofa ta yi sallama.

"Uwar gida, masauki muke nema. Ba ma cin komai sai abin da ya faɗi ƙasa."

Tasalla ta ce, "To, a gidan nan ba abin da zai faɗi."

Sai ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka tun rana ba ta faɗi ba, ta toshe tsagar bango da laka. Tururuwa ta zagaya, ta zagaya, ko ɓarɓashin tuwo ba ta samu ba. Sai ta ja zugarta ta yi gaba.

Kwana uku, sai ga Kyankyaso yana kaɗa gashin baki.

"Uwar gida, ni ban da ci da yawa. 'Yar laimar nan ta gindin randa kawai nake so."

"Laima? Bari in gyara maka."

Sai ta ɗora randar a kan duwatsu, ta haƙa wa ruwan wanke-wanke hanya ya fice waje, ta buɗe taga iska ta shiga. Gindin randa ya bushe ƙayau. Kyankyaso ya ce, "Amma matar nan ba ki da imani!" Ya yi gaba.

Kwana uku kuma, sai ga Kuɗin-cizo, ya lallaɓo kamar mutumin kirki.

"Uwar gida, ni ko ganina ba za ki yi ba. Lungun gado ya ishe ni."

"Shiga mana."

Yana shiga, sai ta cicciɓi gadon da tabarmi ta shanya a tsakar rana, ta bi kowane lungu da tafasasshen ruwa. Da ƙyar ya tsira da ransa.

To, a nan fa kai ya fara kumbura. Tasalla ta tsaya ta riƙe ƙugu, tana duban abin da ya rage ba ta wanke ba. Sai idonta ya faɗa kan tulu. Ta ɓalle lakar, ta leƙa. Me za ta gani? Wake ya nutse cikin toka, fari fat.

Sai tausayi ya kama ta, har da hawaye. Ta ce, "Wayyo Inna! Ashe haka idonki ya mutu, har kika zuba iri cikin datti?"

Ga tsofaffi nan cike da unguwa, amma ba ta tambayi kowa ba. Sai ta juye waken a faifai, ta sheƙe tokar tas, ta wanke tulun, ta mayar da waken yana ta ƙyalli. Ta ɗora faifai a baki don ya sha iska.

Ana nan, ana nan, sai hadari ya haɗo, ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Tasalla ta ɗaga faifai, ta tura hannu cikin tulu. Sai ta ji gari. Ta ɗebo, ta duba, kowace ƙwaya ta zama ɓawo mai huji. Sai wani ɗan ƙwaro ya hau yatsarta yana miƙa.

Ta ce, "Kai kuma wane ne? Ta wace ƙofa ka shigo? Ban ji sallamarka ba."

Ya ce, "Ni ne Ƙwaron Wake. Wace sallama kuma, uwar gida? Ai a nan aka haife mu. Tun daga gona muke cikin waken, muna ƙwai. Tsohuwar nan ce ta danne mu da toka, ta liƙe tulu, ba numfashi, ba motsi. Saura kaɗan mu ƙare, sai kika zo kika cece mu. Allah ya saka miki."

Tasalla ta zauna daɓas a ƙasa. Ta juye tulun, ta tsince waken ƙwaya-ƙwaya har rana ta yi tsaka, ko guda ɗaya mai rai ba ta samu ba. Ta yi kuka irin wanda ko ranar rasuwar ba ta yi ba.

Maƙwabta suka tallafa mata da farin wake, ta shuka, ya yi kyau kuwa. Ta dafa, ta kai loma ɗaya baki, ta tauna. Sai ta ajiye cokalin, ta ce, "Inna, ashe idona ne bai gani ba."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma inda ta fito. Ku yi shara, ku shanya shimfiɗa, ku kori ƙwari. Amma in kun tarar da aikin babba ba ku gane shi ba, ku tambaya kafin ku gyara. Maza a je a kakkaɓe tabarmi.