Jifan da Ndagi ya yi wa kansa

Akwai wani mai walda a Dutsen Kura, sunansa Ndagi. Hannunsa na da kyau a aiki, amma taurin kai sai ka ce ƙarfen da yake narkarwa.

Ƙwannafi ya daɗe yana cinsa. Farin maganin ulsa mai ruwa kuwa, kurɓarsa yake kamar fura.

Sai taifod ta kama shi, likita ya ba shi ƙwayoyi. Ya sha, ya sha, zazzaɓi ko gezau. Ndagi ya rame, wuya ya yi tsawo.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne," in ji shi. "Jifa ne. Sheshi ne!"

Sheshi maƙwabcinsa ne, abokinsa tun suna yara, sun ɗan yi cacar baki kan filin gaban shago. Maganar ta karaɗe unguwa, har mutane suka fara ɗauke kai idan Sheshi ya wuce. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma ya haɗiye. Sheshi ya ɗauki tasa ƙanwar, Kubura, wadda ta karanci harhaɗa magunguna, suka je duba Ndagi.

Ndagi ko amsa sallama bai yi da kyau ba. A gabansu ya jefa ƙwaya a baki, ya kora da farin maganin nan.

Kubura ta dafe ƙirji. "Yaya Ndagi, kullum haka kake sha?"

"To, da me zan kora? Ƙwayar zafi take min a ciki."

"Innalillahi! Ai farin nan ɗan'uwan alli ne. Aikinsa ya rage tsamin ciki, amma idan ya haɗu da irin wannan ƙwayar, cafke ta yake, su fice tare. Kaɗan ne ke isa jininka. Ka koma wurin likita, ka gaya masa gaskiya."

Sheshi da kansa ya goya shi a babur. Likita ya sake ba shi magani, ya ce ya riƙa barin sa'o'i tsakaninsa da farin maganin. Kafin mako ya zagayo, Ndagi na neman ƙarin tuwo. Alhamdulillahi!

Ranar da ya buɗe shago, gaban jama'a ya riƙe hannun Sheshi, idonsa cike da ƙwalla.

"Ku shaida, wanda ya jefe ni, ni ne. Wannan kuwa shi ya ɗauke ni."

Darasi: Kafin ka zargi ɗan'uwanka, duba abin da hannunka ke kai wa bakinka. Kada ka haɗa magunguna sai ka tambayi masana. Tura wa wani, wataƙila ka ceci lafiya da zumunci.