Ranar Da Aka Kori Mai Ruwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Jatau ake ce masa. Ruwa yake ɗebowa daga rijiya da tulu, ya bi bayan rumfunan kasuwa yana sayarwa. Ba shi da wata sana'a.

A zamaninsa arzikin ƙasa ya rushe. Hatsi ya yi tsada, kuɗi ya rasa daraja, ƙosai ya ƙanƙance har sai mutum ya ƙura ido kafin ya gan shi a akushi. Sarkin ƙasar, wanda rumbunansa ba su ma ji labari ba, ya aika wa kowane gari cewa a nemo wanda ya jawo masifar, a kore shi.

To, ku saurara. Sarkin Kasuwa ya tara jama'a, ya fara da Tabawa mai nono.

"Tabawa, nononki har fuskata nake gani a ciki."

"Ranka ya daɗe, geron da Nomau ya auna mini jiƙaƙƙe ne. Ta ina zan fanshe?"

Nomau ya ce shi ɗan yayyafi kawai ya yi wa geron, domin zumar da Cindo ya sayar masa, ƙuda ma ya sauka a kai ya tashi bai waiwayo ba. Cindo ya nuna mai auduga, mai auduga ya nuna mai gishiri. Kowa ya zuba ruwa a kayansa, kowa kuma wani ne ya sa shi.

Can sai wani ya ce, "Wai duk ruwan nan, wa ya kawo shi kasuwa?"

Aka juya aka kalli Jatau.

Sarkin Kasuwa ya ji tausayinsa, ya rage murya. "Jatau, kai ma miƙa gaba. Ka ce laifin Baba Ɗantani ne da ya haƙa rijiyar. Ba ya ji sosai, kafin ya gane an gama."

"Ranka ya daɗe, Baba don a sha ya haƙa. Ban ga laifinsa ba."

"To naka ne ke nan?"

"Ni ma don a sha na kawo. Amma in dole sai an kori wani, ƙafafuna sun fi nasa sabawa da hanya."

Aka raka shi ƙofar gari, aka dawo ana yi wa juna barka.

Ku saurara da kyau. Da safe babu mai kai ruwa bayan rumfa, sai kowa ya ɗauki tulu ya nufi rijiya. A nan suka haɗu, a jere, ido da ido.

"Tabawa, wannan ƙaton tulu duk na sha ne?"

"Kai kuma, Malam Nomau, geron ne ke jin ƙishirwa?"

Ranar kowa iya na sha ya ɗiba. Nono ya yi kauri, zuma ta yi danƙo. Tsada dai ba ta sauka ba, kada in yi muku ƙarya, wannan tana hannun manya. Amma abin da ka saya, shi ka kai gida.

Ba a jima ba aka aika neman Jatau. Ba nadama ce ta sa ba, wuyoyinsu ne suka sage da ɗaukar tulu. Ya dawo bai yi wa kowa gori ba, ya sunkuya ya ɗauki tulunsa.

Jama'a, darasin a fili yake. In ƙasa ta lalace, shugabanni suna da nasu kason, kuma za a tambaye su. Amma laifi in aka yi ta miƙa shi, a wuyan mara ƙarfi yake sauka. Mutumin kirki shi ne wanda in ya iso hannunsa, ba zai ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba, ko da shi zai kwana a waje.

Yanzu za mu tashi, wasunmu shago za su buɗe. Ka zagi tsada, ba na hana ka. Amma ka ajiye butar da kake zuba wa kaya ruwa tukuna.